Nono Ko Madarar Gwangwani: Nauyin Da Ake Ɗora Wa Mai Jego Ita Kaɗai

Hukumar Lafiya ta Duniya da Asusun UNICEF sun daɗe suna kira da a sa jariri a nono cikin sa'ar farko bayan haihuwa, a shayar da shi nono zalla har wata shida, ba ruwa ba koko, sannan a ci gaba da shayarwa har shekara biyu bayan ya fara cin abinci. Duk shekara daga 1 zuwa 7 ga Agusta ana maimaita wannan kira a gidajen rediyo da asibitoci, duk shekara kuma gardama ɗaya ce ke tasowa, wato ko macen da ta ba ɗanta madarar gwangwani ta ci amanarsa. Binciken lafiyar al'umma da aka yi a Nijeriya a 2018 ya nuna cewa kashi 29 cikin ɗari ne kawai na jariran da ba su kai wata shida ba suke shan nono zalla, bayan a 2013 adadin kashi 17 ne. Ke nan mafi yawan iyaye mata ba sa cika wannan ƙa'ida, kuma da yawansu suna fama da zargin kansu a kan haka.

Amfanin nono ba abin musu ba ne. Yana ɗauke da sinadaran garkuwar jiki da ke kare jariri daga gudawa da ciwon huhu, waɗanda suna cikin manyan cututtukan da ke kashe ƙananan yara a Nijeriya. Mujallar likitanci ta Lancet ta ƙiyasta a 2016 cewa da shayarwa ta game duniya yadda ya kamata, da an tsirar da yara sama da 800,000 a kowace shekara. Ita ma uwa shayarwa tana taimaka wa mahaifarta ta koma daidai bayan haihuwa, tana kuma rage mata haɗarin sankarar mama. Sai dai sanin amfanin abu daban ne, samun damar yinsa daban, kuma a tsakanin waɗannan biyun ne mai jego ke shan wahala.

Wahalar takan fara tun kwanaki ukun farko, da kalmar nan ta "nono bai zo ba". Abin da ke fitowa a lokacin shi ne daƙashi, ruwa mai kauri, rawaya-rawaya, ɗan kaɗan. A gidaje da yawa ana ɗaukarsa ƙazanta, a tatse a zubar, a wasu wuraren har a jefa tururuwa a ciki don a gwada ko nonon yana da kyau, a riƙa ba jaririn ruwan ɗumi ko ruwan sukari ko madarar shanu kafin "na gaske" ya zo. Alhali daƙashin nan shi ne rigakafin farko da ɗa yake samu a duniya, kuma ƙarancinsa daidai yake da cikin da zai karɓe shi, domin tumbin jariri a ranar farko bai fi ya ɗauki cokalin shayi ɗaya ko ɗaya da rabi a sha guda ba. Nono mai yawa yakan sauko ne tsakanin kwana na biyu da na huɗu, wani lokaci ya ɗan ƙara jinkiri ga wadda aka yi wa tiyata ko wadda haihuwar fari ce. Jariri ma yakan ɗan rage nauyi a makon farko, ya maido da shi wajen mako na biyu, kuma wannan ba alamar yunwa ba ce muddin raguwar ba ta zarce kashi 10 cikin ɗari na nauyin haihuwarsa ba.

Daga nan sai babbar ruɗarwar, wadda ta fi kowace raba uwa da shayarwa, wato "nonona ba ya isarsa". Mutane suna zaton kowace mace tana da wani ma'auni na nono da aka yanka mata, in ya ƙare ya ƙare. Al'amarin ya fi kama da rijiya mai ido: gwargwadon yadda ake ɗiba, gwargwadon yadda sabon ruwa ke ɓuɓɓugowa, in kuwa aka daina zura guga, ruwan ya tsaya, a hankali idon ya toshe. Duk lokacin da jariri ya tsotsa, ƙwaƙwalwar uwa tana sakin sinadarai biyu, ɗaya mai sa a samar da nono, ɗaya mai matso shi waje. Nonon da aka bari a cike kuwa da kansa yake aika wa jiki saƙon a rage aiki. To, idan jariri ya yi kuka da dare, kaka ta ce yunwa ce, aka haɗa masa madara a fida, zai ƙoshi ya yi barci mai tsawo ba tare da ya tsotsa ba. Washegari nonon ya ragu, kukan ya ƙaru, a ƙara madara. Cikin 'yan makonni ƙarancin da ake tsoro ya tabbata, kowa ya ce ai dama an faɗa, alhali fidar ce ta jawo shi.

Kuka shi kaɗai ba ma'aunin ƙoshi ba ne, haka ma laushin mama ko yawan neman nono. Jariri sabon haihuwa yakan sha sau takwas zuwa sha biyu a yini da dare, wani lokaci da yamma ya riƙa nema a kai a kai. Abin dubawa shi ne fitsari da nauyi. Jaririn da ya wuce kwana biyar, yana jiƙa kunzugu aƙalla sau shida a rana da fitsari mai haske, nauyinsa kuma yana hawa a katin awo, to nono yana isarsa. Batun ruwan sha ma haka yake. A watannin zafi akan ji ana cewa hana jariri ruwa mugunta ce, ko dabba tana shan ruwa. Amma kusan kashi 88 cikin ɗari na nono ruwa ne, kuma jaririn da ake ba nono duk lokacin da ya nema ba ya bukatar ƙari ko da a zafin Sakkwato ko Maiduguri. Ruwan da ake ɗura masa yana cike gurbin nono, yana kuma iya shigo da ƙwayoyin gudawa.

Akwai kuma ciwo, wanda ba kasafai ake maganarsa ba saboda kunya. Tsagewar kan nono har ya yi jini, da kumburin mama ya yi tauri, da zazzaɓin da ke biyo baya, sun sa mata da yawa sun haƙura da shayarwa suna kuka. Galibi tushen abin shi ne yadda jariri ya kama. In kan nonon kaɗai ya cafka, zai ji wa uwa ciwo kuma ba zai samu isasshe ba. Kamun da ya dace shi ne bakinsa a buɗe sosai, leɓen ƙasa ya juyo waje, haɓarsa ta taɓa mama, mafi yawan baƙin da ke kewaye da kan nonon ya shige bakinsa. Gyara wannan aikin 'yan mintoci ne ga ungozoma ko nas da ta san aikinta. Sai dai a asibitoci da yawa ana sallamar mai haihuwa cikin sa'o'i kaɗan, ma'aikaciya ɗaya tana fama da ɗaki cike da mata, mafi yawan haihuwa a karkarar Arewa kuma a gida ake yinta. An gaya wa uwa ta shayar, ba a zauna an nuna mata yadda za ta yi ba.

Bayan duk wannan, akwai matan da nonon nasu da gaske ba zai isa ba, ko shayarwar ba za ta yiwu ba. Zubar jini mai yawa wajen haihuwa na iya taɓa sashen ƙwaƙwalwar da ke sarrafa nono. Guntun mabiyiya da ya rage a mahaifa yana hana shi saukowa. Tiyatar mama, da wasu cututtukan maƙoƙo, da maganin sankara, duk suna iya shiga tsakani. Akwai bakwainin da ba shi da ƙarfin tsotso, da jaririn da mahaifiyarsa ta rasu wajen haihuwa. Ga irin waɗannan, madarar jarirai ceton rai ce, kuma yaron da aka raina da ita bisa ƙa'ida yana girma lafiya. Mai ɗauke da cutar ƙanjamau kuwa, shawarar hukumomin lafiya a yanzu ita ce ta shayar muddin tana shan magungunanta ba fashi.

Addini da al'ada ma ba su taɓa ɗauka cewa kowace uwa za ta iya ba. Ayar Suratul Baƙara da ta ambaci shekara biyu na shayarwa, ita ce kuma ta ɗora wa uba ciyar da mai shayarwa da tufatar da ita, ta hana a cutar da uwa saboda ɗanta, ta kuma halatta a nemi wata ta shayar. Manzon Allah (SAW) kansa Halimatus Sa'adiyya ce ta shayar da shi. Wankan jego da zaman arba'in a gidan iyaye, duk da gyaran da wasu sassansu ke bukata, kamar yawan kanwa a kunu, sun ba mai jego hutu da abinci da masu taya ta aiki. Yau a birane mace takan koma girki da wanki da ɗiban ruwa kafin a yi suna, ba mai karɓar mata ko da tsintsiya, sannan a tuhume ta in nono ya ragu.

Ma'aikata da ɗalibai nasu ya fi tsanani. Dokar ƙwadago ta Nijeriya ta ba da hutun haihuwa na mako 12 ne, da rabin sa'a sau biyu a rana don shayarwa bayan an koma aiki. Ma'aikatan gwamnatin tarayya suna samun mako 16, jihohi kaɗan irin su Legas da Kaduna ne suka kai nasu wata shida. Mai koyarwa a makarantar kuɗi, da mai aikatau, da 'yar kasuwa, sau da yawa ko wannan ba su samu. Akan ce su tatse nono su ajiye, amma nonon da aka tatsa ba ya wuce kimanin sa'a huɗu a ɗaki mai sanyi, a firji kuma kwana huɗu, ga shi wutar lantarki ba ta da tabbas, wuraren aiki kuma ba su da ko ɗaki ɗaya da mace za ta keɓe. Gwamnatin da ke kiran wata shida a rediyo, tana ba da hutun wata uku a takarda, ya kamata ta fara duba kanta kafin ta dubi iyaye mata.

Wadda ta koma ga madara kuma sabon nauyi ne ya hau kanta. Jariri yakan sha kimanin kilo 20 na garin madara a wata shidan farko, wato gwangwani mai giram 400 ba ya wuce kwana uku zuwa huɗu. In kuɗi ya gaza, sai a fara rage cokali ana ƙara ruwa, ko a koma madarar shayi da ta manya, waɗanda ba a yi su don cikin jariri ba. Wannan ce hanyar tamowa mafi sauri. Haɗarin na biyu ƙazanta ce. Garin madara ba a tsarkake yake daga ƙwayoyin cuta ɗari bisa ɗari ba, shi ya sa ake so a tafasa ruwa, a haɗa tun yana da zafin da bai gaza digiri 70 ba, wato kafin ya yi rabin sa'a da saukewa, sannan a huce kafin a bayar. Ana bin ma'aunin da ke jikin gwangwani, cokali a shafe ba tozo, ruwa a fara zubawa. Abin da ya rage bayan sa'a biyu zubarwa ake yi. Ƙaramin kofi ya fi fida aminci, domin lungunan robar fida suna ɓoye ragowar madara da ke ruɓewa cikin zafi. Zuma da madarar shanu kuwa ba a ba jariri su a matsayin abin sha sai ya cika shekara.

Kamfanonin madara suna da hannu a wannan ruɗani. Tun 1981 Majalisar Lafiya ta Duniya ta kafa ƙa'idar da ta hana tallata madarar jarirai ga jama'a da raba ta kyauta ga iyaye mata, Nijeriya kuma ta yi dokarta a 1990, wadda NAFDAC ke da alhakin aiwatarwa. Duk da haka, rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF na 2022, wanda ya shafi ƙasashe takwas har da Nijeriya, ya gano cewa fiye da rabin iyaye da masu juna biyun da aka tambaya tallar ta kai gare su, sau da yawa ta waya ko ta bakin ma'aikatan lafiya. Tallar takan nuna kukan jariri da rashin barcinsa, abubuwan da kowane jariri ke yi, a matsayin matsalar da gwangwani ne maganinta.

Sakamakon haka uwa tana tsakanin tuhuma biyu. In ta dage da nono zalla, a ce tana kashe yaro da ƙishirwa saboda aƙidar 'yan boko. In ta ba da madara, a ce son jiki ne, ko tsoron kada mamanta ya zube. Wannan magana ba a banza take wucewa ba, domin damuwa da fargaba suna hana nono saukowa a lokacin tsotso, kuma baƙin cikin bayan haihuwa cuta ce ta gaske da ke kama fiye da mace ɗaya cikin goma. Mai jegon da ta daina cin abinci, ba ta barci ko da jariri ya yi barci, tana yawan kuka ko tana jin ba ta cancanci ɗanta ba, asibiti take bukata, ba faɗa ba.

Zaɓin kuma bai tsaya ga ko nono ko madara ba. Uwar da nononta bai wadata ba tana iya fara ba da nono a kowane sha, sannan ta cike da madara a kofi bisa shawarar ma'aikacin lafiya, domin ko kaɗan ne nonon yana da amfani. Wadda ta daina ma tana iya dawo da shi ta yawan sa jariri a mama dare da rana, ko da yake abin yana ɗaukar makonni kuma yana bukatar mai tallafa mata. Aikin miji da uwar miji shi ne su wadata ta da abinci, su ɗauke mata aikin gida, su kai ta awo. Kowace hanya aka bi, jaririn da ya rage fitsari, ko ya ƙi shan komai, ko jikinsa ya saki, ko idonsa ya yi rawaya, ko yake gudawa, a garzaya da shi asibiti a ranar, ba tare da jiran a ga abin da gobe za ta yi ba.