Korona Ta Wuce, Tabonta Yana Jijiyoyi

Jama'ar Gbégamey da Zangon Kwatano, a saurara. An ajiye takunkumin fuska. An manta da shingen da gwamnati ta kewaye birnin nan da shi a ƙarshen Maris na 2020. A watan Mayun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye matakin gaggawa, kowa ya shafa fatiha ya koma harkarsa. Amma cutar ta wuce huhu. Ta taɓa ƙwaƙwalwa, ta taɓa jijiyoyi, kuma akwai masu yawo da tabon har yau ba su sani ba.

Kada lissafin hukuma ya kwantar muku da hankali. Mutum 163 aka rubuta sun rasu a duk Benin, waɗanda aka gwada ke nan. Mu nawa ne muka yi zazzaɓi da tari, muka ce maleriya ce, muka haɗiyi magani muka fita kasuwa? A 2021 masu bincike na Jami'ar Oxford sun duba bayanan mutum sama da dubu 236 da suka kamu. Cikin wata shida, ɗaya cikin uku ya zo da ciwon jijiya ko na ƙwaƙwalwa. Yawanci fargaba ce da damuwa, wasu kuma shanyewar ɓarin jiki.

Mantuwa ita ce ta fi ɓoyewa. Ɗan canjin da ke juya sefa da naira a ka, yau sai ya ƙirga sau uku. Alhaji ya karɓi bashi ya manta, ya bayar ya manta. Ana ce masa tsufa ne, shi kuwa ko hamsin bai cika ba. Kafin a gane, jari ya zube, amana ta ɓaci.

Sai hanci. Wadda ta daina jin wari ba za ta ji gas yana yoyo a ɗakin girki ba. Ba za ta ji miya ta lalace ba. Yara ne za su sha.

Sai jiri da mutuwar yatsu. Ku yi tunanin ɗan zemijan, wato ɗan acaɓa, da ya ɗauko mace da goyo, kansa na juyawa a tsakiyar titi. In ya danne da tramol, ya ƙara wa wuta fetur.

Mafi muni shanyewar jiki, domin korona tana sa jini ya daskare a hanyoyinsa. Mai hawan jini da mai ciwon suga su suka fi shiga haɗari. In baki ya karkace, hannu ɗaya ya saki, magana ta harɗe, a ɗauki mutum a nufi asibiti a take. Asibitin CNHU Hubert Maga yana nan kusa da mu. Sa'o'in farko ne ake iya ceto ƙwaƙwalwa. Mun sha ganin an kwana ana hayaƙi ana cewa iska ce ta buge shi. A yi addu'ar a cikin mota.

Ba kowane ciwon kai ne korona ba, kada a firgita. Amma duk wanda gajiya, rashin barci, bugun zuciya ko ruɗewar tunani suka bi shi wata biyu bayan zazzaɓi, ya ga likita. Ya faɗa masa lokacin da ya kwanta da abin da ya sha. A auna masa jini da suga. Uwargida ta lura da maigida, 'ya'ya su lura da tsofaffi, domin mai mantuwa ba shi ke fara ganewa ba.