Kuɗin Da Tsami Ya Ci Ba Kuɗin Kuskure Ba Ne

A Turai da Amurka akwai mutane masu tara kuɗin ƙarfe, kamar yadda makiyayi yake tara shanu. Sun fi son wanda aka yi kuskure wajen buga shi, don ba shi da yawa, kuma suna biyansa da tsada. Wannan labari ya iso karkarar Garagumsa ta wayar salula. Shi ya sa wani in ya tono dala ashirin a gona, ta siranta, ta canza launi, sai ya ce ya tsinci arziki. Wani kuma ya ba da kuɗin akuya ya saya daga hannun ɗan damfara. Ya kamata manoma da makiyaya su san bambancin.

Kuɗin sefa na bankin BCEAO ne. An daɗe ana buga na ƙarfe a Faransa, a garin Pesak, inda aka buɗe maƙera a 1973. Inji ne yake matse ƙarfe tsakanin hatimi biyu. Kuskure na gaskiya a nan yake faruwa. Wani lokaci ƙarfen ya goce, zane ya fito a gefe, sauran wurin ya zauna sumul. Wani lokaci a buga sau biyu, rubutu ya hau kan rubutu. In hatimi ya tsage, sai a ga siririn layi ya taso bisa kuɗin, ba ya nutse ba. A duk waɗannan, rubutun da ya fito yana nan raɗau, nauyi kuma bai ragu ba.

Tsami kuwa cin ƙarfe yake yi. Ruwan batir, takin zamani, gishiri, kanwa, fitsarin dabbobi a turke, har tsamiya da lemun tsami da ake wanke kuɗi da su in an bar shi ya daɗe a ciki, duk suna taɓa shi. Dala ɗaya, dala biyu da dala biyar, masu ruwan ɗorawa, yawancin ƙarfensu jan ƙarfe ne. In sun kwana a ƙasa mai laima sai su yi tsanwa ko baƙi. Dala goma da dala ashirin na 2012 zuwa gaba baƙin ƙarfe ne aka shafe da nikel. In shafin ya ɓare sai tsatsa ta kama.

Kuɗin da tsami ya ci yana da alamu. Fuska biyu duk sun dusashe tare. Jikinsa ya yi ƙananan ramuka, yana da kaushi a yatsa kamar dutsen niƙa. Ya siranta, wani har faɗinsa ya ragu. Injin maƙera ba ya yin wannan aiki. Gwaji mafi sauƙi shi ne a samo wani kuɗi irinsa, na shekara ɗaya da shi, a ɗora su a ma'aunin maƙerin azurfa. Tsohuwar dala ashirin giram 7 take. Wadda ta kasa haka sosai, ga kuma kaushi, ciwo ne ya same ta bayan ta baro maƙera.

Akwai kuma abin da ba kuskure ba ne, ba ciwo ba ne. Liyarin azurfa mai hoton sarauniya Mariya Tereza, wanda fatake suka yi ciniki da shi a Damagaram, 1780 ne a jikinsa. A shekarar ta rasu, aka ci gaba da buga shi da wannan shekara ba canji. Mai cewa nasa ne kaɗai mai 1780, ko bai sani ba ne, ko yana neman mai tsautsayi.

Kuɗin da ya lalace bai wuce darajar da aka rubuta masa ba, ƴan tebur ma sukan ƙi shi. Wanda ya suɗe don yawan yawo a hannu, BCEAO yana canza shi, kuma yana da reshe a Zinder, kusan kilomita 50 daga Takeita. Mai ajiya kuma ya nisanta kuɗinsa da buhun taki da na kanwa, ya sa su cikin busasshen gwangwani mai murfi, ba cikin ƙasa ba.