Kukis ɗin gyaɗa da maɗin mapul: me ke riƙe shi tun da babu ƙwai?

Ko ba a faɗa maka ba, za ka gane kukis ɗin gyaɗa na Amurkawa daga zanen da ke bayansa. Ana danna cokali mai yatsu a kansa, sau ɗaya a tsaye, sau ɗaya a gicciye, sai ya fito da tsaga kamar raga. Tun farkon shekarun 1930 littattafan girki na Amurka ke umartar mai gashi da wannan danni, kuma akwai dalili bayan ado: kwaɓin gyaɗa nauyi gare shi, ba ya bajewa da kansa a wuta, in aka bar shi a dunƙule sai baya ya ƙone ciki yana ɗanye.

Asalin kayan haɗinsa biyar ne: markaɗaɗɗiyar gyaɗa da bota da sukari da ƙwai da fulawa. Amma akwai wani samfuri da ya yaɗu a Amurka da Kanada wanda aka zare masa uku daga cikin biyar ɗin. Babu bota, babu ƙwai, babu farin sukari. An maye gurbinsu duka da abu guda, wato wani maɗi ruwan zuma da ake samu daga jikin itacen mapul. Duk wadda ta taɓa kwaɓa kek za ta ce a ranta, to me zai riƙe shi? Amsar tana hannun masu ƙuli-ƙuli, ko da yake ba su san an yi tambayar ba. Za mu zo wurin.

Masu wannan samfuri su ne waɗanda ake kira 'yan bigan. Wani Bature mai suna Donald Watson ne ya ƙago sunan a Ingila a 1944, lokacin da shi da wasu suka ware daga masu ƙin cin nama kawai, suka ce su har madara da ƙwai sun bari. Zuma ma ba sa sha, don a ganinsu abincin ƙudan zuma ne aka ƙwace. Farin sukari kuwa, wasu matatun rake a Amurka suna tace shi ta cikin gawayin ƙashin shanu don ya yi fari tas, saboda haka masu tsanani a cikinsu suna gudunsa. Da aka rufe waɗannan ƙofofi sai ya rage maɗin mapul, wanda daga itace ya fito, wuta kawai ya gani.

Ita markaɗaɗɗiyar gyaɗa ma, tarihinta a can ya haɗa hanya da masu ƙin nama tun farko. Dakta John Harvey Kellogg, wanda ya nemi rajistar hanyarsa ta sarrafa gyaɗa a 1895, yana ba marasa lafiyarsa ita ne a madadin nama a asibitinsa da ke Battle Creek a jihar Michigan. Kafin shi, a 1884, wani mutumin Montreal mai suna Marcellus Gilmore Edson ya yi rajistar niƙa soyayyiyar gyaɗa har ta zama kamar man shafawa. Rajista dai suka yi. Gyaɗa 'yar Kudancin Amurka ce, mutanen can sun daɗe suna daka ta kafin 'yan Fotugal su kawo ta gaɓar Afirka ta Yamma a ƙarni na 16, kuma matanmu ba su jira takardar kowa ba kafin su dama kunun gyaɗa.

Mapul shi ne baƙonmu a wannan zance, don haka ya cancanci a tsaya a kansa. Ganyensa ne ja ɗin nan da ke tsakiyar tutar Kanada tun 1965. Itacen yana tara sitaci a jikinsa da saiwarsa lokacin zafi, in hunturu ya zo ya zubar da ganye ya kwanta. Wajen ƙarshen hunturu sitacin ya juye ya zama sukari, ya narke cikin ruwan jikin itacen. Daga nan sai a jira wani yanayi mai wuyar sha'ani: dare ya yi sanyin da ruwa ke daskarewa, rana kuma ta ɗan yi ɗumin da ƙanƙara ke narkewa. Daskarewar dare tana sa itacen ya zuƙo ruwa daga ƙasa, narkewar rana kuma ta matso shi, sai ya ɗiga ta duk inda aka huda. Makonni huɗu zuwa shida ke nan a shekara, galibi tsakanin ƙarshen Fabrairu da Afrilu. Da itacen ya fara toho, ɗanɗanon ruwan ya ɓaci, kaka ta ƙare. Shi ya sa ko an dasa mapul a Jos ko a tsaunin Mambila ba za a sami maɗi ba, sanyinmu bai kai na daskarar da itace ba.

Ruwan da ke ɗigowa kamar ruwan sha yake, zaƙinsa da ƙyar harshe ke ji, don sukarin cikinsa kimanin kashi 2 cikin ɗari ne kawai. Sai an tafasa kimanin lita 40 kafin a sami lita guda ta maɗi. Ana sauke shi ne idan sukarin ya kai kashi 66 cikin ɗari, lokacin da yake tafasa a wajen digiri 104. In bai kai nan ba, zai yi tsami a ajiye, in ya zarce sosai zai yi tsakuwa a kwalba. 'Yan asalin ƙasar, irin su Ojibwe da Haudenosaunee, su suka koya wa Turawa wannan sana'a. Da bokiti ake ratayawa a jikin kowane itace. Yanzu siraran bututan roba ne suka saƙe dajin, injin zuƙa yana janyo ruwan zuwa ɗakin dahuwa, inda wata na'ura ke tace mafi yawan ruwan kafin a kai ga wuta. Duk da haka sai itace ya yi shekara talatin zuwa arba'in kafin a fara huda shi.

Lardin Kwibek na Kanada shi kaɗai ke samar da kusan kashi 70 cikin ɗari na maɗin duniya, jihar Vermont ce kan gaba a Amurka. Ƙungiyar manoman Kwibek har rumbun ajiya gare ta, inda take tara ganguna don shekarar da kaka ba ta yi kyau ba. Daga irin wannan rumbu ne aka yi wata sata mai ban dariya da ban mamaki tsakanin 2011 da 2012. Ɓarayi suka yi ta kwashe ganguna suna zuƙe maɗin suna mayar da su cike da ruwa, daga baya ma suka daina wahalar cikawa. Asiri ya tonu ne da mai ƙidaya ya taka wata ganga ta nemi kifewa da shi don ba kome a ciki. Kimanin tan 3,000 aka sace, na dalar Kanada sama da miliyan 18. Abin da ake sata haka, ba sai an ce yana da tsada ba. Don haka in kika ga kwalba mai araha a kanti da hoton fankeke a jiki, juya bayanta ki karanta. Yawancinsu maɗin masara ne da aka sa wa ƙamshi da launi.

To mu koma kan kwaɓi. Ƙwai a kukis ruwa yake kawowa da furotin da ke daskarewa a wuta ya ɗaure komai. Bota maiƙo take kawowa, kuma in aka buga ta da sukari, ƙwayoyin sukarin suna huda mata ƙananan ramukan iska da ke sa kukis ya tashi. Maiƙo dai gyaɗa ta wadatar, don kusan rabin nauyinta mai ne, rubu'inta kuma furotin. Ruwa kuma yana cikin maɗin: tun da kashi biyu cikin uku sukari ne, ragowar ɗayan ruwa ne. Rabin kofi na maɗi ya kai giram 160, ke nan akwai ruwa sama da giram 50 a ciki, fiye da abin da ƙwai guda ke ɗauke da shi.

Abin da wannan ruwa ke yi wa gyaɗa shi ne sirrin duka. Markaɗaɗɗiyar gyaɗa busasshen gari ne mai laushi da ke iyo a cikin mai, shi ya sa take zuba. Da ruwa kaɗan ya shiga, ƙwayoyin garin su cafke shi, su manne da juna, nan take abin da ke zuba ya yi tauri ya zama abin mulmulawa. Mai ƙuli-ƙuli ta san wannan tun tana yarinya. In ta dawo daga inji ta juye markaɗen a turmi, ruwan zafi take yayyafawa kaɗan-kaɗan tana juyawa, markaɗen ya fara kamewa, ta ci gaba da tuƙi har mai ya taso sama ya bar mata tunkuza. Mai kukis a Vermont kan wannan hanyar take, sai dai ita tana sauka a rabi. Kamewar take so, ba ta son man ya fita. Na taɓa ganin sakamakon wuce wannan gaɓa da idona: na ci gaba da juyawa wai don ya yi santsi, kafin in ankara kwaɓin yana ƙyalli, mai ya taru a gindin kwano, abin da ya fito daga wuta kuwa ƙuli-ƙuli ne mai zaƙi, har da taurinsa.

Ga yadda ake yi. A zuba kofi guda na markaɗaɗɗiyar gyaɗa da rabin kofi na maɗi a kwano, a juya har su haɗu. A kawo kofi guda na fulawa ko garin ots, da rabin ƙaramin cokali na bekin soda, da ɗan gishiri, da fanila in akwai. A juya har garin ya ɓace, a ajiye muciya. In ya yi ruwa a sa shi a firij na rabin awa. A mulmula kamar girman goro, za a sami sha shida zuwa ashirin, a jera a tire, a danna da cokali mai yatsu, a gasa a digiri 180 na minti 10 zuwa 12. Mai gashi da tukunya da yashi ta rage wutar ƙasa, don maɗi ba ya jure zafi daga gindi. Za su fito da taushi kamar ba su gasu ba. Kada a taɓa su sai sun huce minti goma a kan tiren, musamman na garin ots, wanda ba shi da danƙon alkama. Mai son ƙarin ɗauri tana iya jiƙa babban cokali guda na garin ƙwayar filas da cokali uku na ruwa, ya yi yauƙi kamar karkashi, ta zuba. Sau da yawa ba a ma bukata.

Kada a sa ran ƙaras-ƙaras irin na biskit ɗin kanti. Tun da babu bugun bota da sukari, bekin soda kaɗai ke ɗaga shi, maɗin kuma ba shi da tsamin kirki da zai tayar da sodar, shi ya sa wasu ke ɗiga ruwan lemon tsami. Sodar 'yar'uwar kanwa ce, kuma halinsu ɗaya: kaɗan ta sa abu ya yi ja da ƙamshi, in ta yi yawa a ji sabulu a baki. Wajen gyaɗar kuwa mu ke da riba. Ta kwalba da ake shigowa da ita galibi an ƙara mata sukari da daskararren mai don kada ta rabu, dabarar da Joseph Rosefield ya kawo a shekarun 1920, har dokar Amurka sai da ta gindaya cewa gyaɗa ta kai kashi 90 cikin ɗari. Zallar gyaɗa da muke kaiwa inji a unguwa ita ce wadda suke biya da tsada a can, kuma ita ta fi dacewa da wannan kwaɓi.

Wanda bai sami mapul ba, lissafin yana hannunsa. Awo biyu na mazarƙwaila da awo guda na ruwa, bisa nauyi, a narkar a tace, an sami maɗi mai kauri kusan ɗaya da shi, kuma zai kama gyaɗar daidai wa daida. Ƙamshin ne zai bambanta, kuma ni ban ga laifin ƙamshin rake ba. Zuma tana yi, amma ruwanta bai kai ba, tana saurin ƙonewa, kuma ta fitar da kukis ɗin daga sahun bigan.

Inda na rabu da masu tallan wannan kukis shi ne kiransa abincin lafiya. Gaskiya maɗin mapul yana da ɗan manganis da wasu sinadarai da farin sukari ya rasa, amma sukarin cikinsa shi ne dai na rake. A jagorar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2015, zuma da maɗi suna layi ɗaya da farin sukari, kuma shawararta kada su kai kashi 10 cikin ɗari na kuzarin da mutum ke ci a yini, wato kimanin giram 50 ga babba. Rabin kofin maɗin da ke cikin kwaɓin nan yana ɗauke da sukari fiye da giram 100. Mai ciwon sukari kada sunan itace ya ruɗe shi. Akwai kuma waɗanda jikinsu ba ya karɓar gyaɗa ko kaɗan, har numfashi yakan sarƙe musu, a tambayi baƙo kafin a miƙa masa.

Hatsarin da ya fi kusa da mu yana cikin buhu. A 1960 talo-talo kusan 100,000 suka mutu a Ingila bayan sun ci dusar gyaɗa da aka shigo da ita daga Barazil. Binciken wannan annoba ne ya gano gubar aflatoksin, wadda wani fumfuna ke zubawa a gyaɗar da ba ta bushe sosai ba ko aka ajiye a danshi, kuma tana jawo sankarar hanta. Minti goma sha biyu a obin ba ya kashe ta, soya ma ba ta gamawa da ita. Uwargida, kafin ki kai gyaɗa inji, ki baza ta a faifai cikin haske, ki tsince duk wadda ta motse ko ta canza launi ko ta yi fumfuna, ki zubar. Kada ki ba kaji.