Uwargida, Dubi Ƙafar Mai Babur

Yau zancen takalmi za mu yi, watau takalmin da ya kamata mai hawa babur kullum ya sa, da yadda za a same shi ba tare da an taɓa kuɗin cefane ba.

Da wuya a sami gidan da babur bai shafe shi ba. In maigida ba ya hawa zuwa ofis ko gona, to ɗanki ko ƙanenki da shi yake neman abinci, ko kuwa ke kanki a bayansa kike zuwa awo da gidan suna. Cikinmu malaman makaranta da aka tura ƙauye, da ma'aikatan asibiti, akwai mata da dama masu tuƙa ƙaramin mashin ɗin nan roba-roba da kansu. A watan Janairu na 2013 gwamnatin Kano ta hana ɗaukar fasinja a babur cikin birni, amma masu hawa nasu na kansu ba su daina ba, balle a ƙauyuka inda babur ne motar kowa.

To gobe da safe in maigida ya tura mashin zai fita, ki dubi ƙafarsa. Galibi abin da za ki gani silifa ne, ko fade, ko takalmin nan mai buɗaɗɗen baya da ake sa wa manyan kaya. Zancen hular kwano kowa ya ji shi, tun ranar 1 ga Janairu 2009 da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta fara tilasta sa ta, har wasu 'yan acaɓa suka riƙa kifa ƙwarya a ka don gudun kamu. Hula kam ita ce gaba da komai. Amma ƙafa ba wanda ya yi mata shela, alhali kuwa tana cikin waɗanda suka fi shan wuya. A 1981 wani malamin jami'a a Amurka, mai suna Harry Hurt, ya fitar da sakamakon binciken da shi da abokan aikinsa suka yi a kan haɗarin babur 900 a yankin birnin Los Anjalis. Suka ga in an ware kai da wuya, rabin raunukan jiki daga cinya ne zuwa tafin ƙafa. Suka kuma ce takalmi mai kauri yana hana ƙujewa da yanka, ko ya rage su.

Dalili kuwa a fili yake. A kan babur ƙafa ba ta hutawa. Ta hagu ke canja giya, ta dama ke taka birkin baya, ita ce kuma ke buga kik. Duk inda aka tsaya ƙafa ce za ta sauka, ko a kan yashi ne, ko tsakuwa, ko baƙin mai da ya zube a kwalta. Mashin irin Bajaj Boxer nauyinsa ya haura kilo 100, in kuwa ya faɗi gefe yake kwantawa, a kan idon sawun mai shi. Silifa tun kafin mutum ya kai ƙasa ya riga ya yi nasa wuri, sai fata ta haɗu da kwalta. Ba zan ce miki takalmi yana hana kowace irin karaya ba. Amma tsakanin wanda ya tashi ya kakkaɓe riga da wanda aka kwasa zuwa wurin mai ɗori ko Asibitin Ƙashi na Dala, sau da yawa abin da ke ƙafarsu ne ya raba su. In magidanci ya kwanta wata biyu ko uku, ke ce da jinya, ke ce kuma da tunanin inda abincin gobe zai fito. Shi ya sa na kawo zancen nan filin mata.

Akwai but ɗin da aka yi musamman domin babur, ana shigo da shi daga waje, kuɗinsa kuwa ya fi ƙarfin yawancinmu in sabo ne. Amma yakan faɗo cikin gwanjo, saboda haka ki san alamarsa. Ki leƙa ciki, ko bayan harshen takalmin, za ki ga ɗan ƙyalle mai hoton mutum a kan babur, da haruffan CE, da lamba EN 13634. A ƙarƙashi akwai 'yan lambobi, kowace 1 ce ko 2, mai 2 ta fi mai 1 ƙwari. In kin dace da shi, kuma ya yi daidai da ƙafa, kada ki tsaya dogon ciniki.

Wanda ya fi sauƙin samu shi ne but ɗin ma'aikatan kamfani da masu gini, mai ƙarfe a baki. Ana jibge shi a kasuwannin gwanjo irin su Ƙofar Wambai a Kano da Kasuwar Barci a Kaduna. Nasa lambar EN ISO 20345 ce. A ganina shi ne ya fi dacewa da aljihun malamin makaranta ko ɗan acaɓa, muddin mai tsawo aka ɗauko, wanda ya rufe idon sawu. Aibinsa ɗaya, bakinsa yana da kauri, wani lokaci ba ya shiga ƙarƙashin giya. Wannan ba abin damuwa ba ne, makanike zai kwance ƙarfen giyar ya ɗan ɗaga shi. Mashinan da giyarsu ke da baki biyu ma, gaba da baya, takawa kawai ake yi.

But ɗin da ake ba 'yan hidimar ƙasa ya rufe idon sawu, ya kuma fi silifa nesa ba kusa ba, sai dai samansa yadi ne, kwalta za ta cinye shi da wuri. Kambas ma haka. Takalmin ruwa na roba kuwa kada tsawonsa ya ruɗe ki. Ba ya riƙe ƙafa, yana zarewa da kansa, roba kuma ba ta shiri da zafin salansa. Ki bar shi wa gona da damina.

To yanzu ga ki a gaban mai takalma, ya baje miki su. Hannunki shi ne ma'auni, kada ki ji kunyar gwadawa don yana kallon ki. Kama baki da hannu ɗaya, dunduniya da ɗaya, ki murɗa kamar mai matse wanki. In ya murɗu cikin sauƙi, ajiye shi. Sa'an nan ki matse ƙasansa daga gefe da gefe. Wannan gwaji ya fi kowane muhimmanci a wurina, domin haka babur ke danne ƙafa in ya kwanta a kanta, ƙasan takalmi mai tauri shi ke tokare nauyin. Ki danna bayan dunduniya da babban yatsa, ya kamata ki ji shi da ƙarfi kamar ƙoƙo. Ki taɓa wurin idon sawu ciki da waje ki ji ko akwai abin da ya tsare ƙashin, tsawon kuma ya wuce idon sawu da kamar yatsu biyu ko uku.

Juya shi ki dubi ƙasa. Ki nemi roba mai zane-zane, da ɗan tudun dunduniya wanda zai kama wurin ɗora ƙafa. Ƙasan fata mai santsi na zuwa ɗaurin aure ne. Akwai kuma wata cuta ta gwanjo da ba kowa ya sani ba. Wani but ɗin za ki gan shi sumul kamar ba a taɓa sa shi ba, ashe ya shekara da shekaru a ajiye, irin soson robar da aka yi ƙasansa da shi ya ruɓe daga ciki. Kwana biyu ana takawa sai ya fara marmashewa kamar ƙuli-ƙuli. Ki lanƙwasa shi sosai, ki kuma soka farce. In ya tsage, ko ya yi gari, ko kin ji yana danƙo, to ko kyauta aka ba ki ba riba. Tsohon but mai ƙasan baƙar roba da aka ɗinke ya fi shi, domin wanda aka ɗinke mai gyaran takalmi zai iya sake masa ƙasa, wanda aka manna da gam kuwa zafin rana ke ɗaye shi. Fata ta gaske ta fi leda. Ki duba bakin yanka, fata tana da gashi-gashi a ciki, leda kuwa yadi za ki gani a bayanta. In akwai baduku a unguwarku mai hannu, kai masa samfuri ya yi muku da fatar sa mai kauri, ki ce ya ɗinke ƙasan.

Amma fa duk wannan wahala banza ce in but ɗin zai ƙare a ƙarƙashin gado. Mazajenmu ba don rashin hankali suke son silifa ba. Ga zafi, ga alwala sau biyar, ga cire takalmi a ƙofar kowane ɗaki. Mutumin da sai ya durƙusa ya warware igiya mai rami goma, mako guda zai yi ya gaji. Saboda haka ki fifita mai zif a gefe, wanda za a zare a tsaye. In mai igiya kaɗai aka samu, kai wa mai gyaran takalmi ya sa masa zif ta gefen ciki, kuɗin ba shi da yawa. Igiyar kuwa a ɗaure ta a cusa bakinta ciki, domin takan sarƙe da ƙarfen giya ko na birki, mutum ya zo tsayawa ya kasa sauke ƙafa, ya kife a tsaye ba wanda ya taɓa shi. Ki haɗa masa da safar auduga ƙafa uku don ya riƙa canjawa, ki kuma sa silifa a jakarsa ko ya ajiye guda a wurin aiki.

Wajen awo, kada ki dogara da lamba kaɗai, domin 42 na wani kamfani ba 42 na wani ba ne. Ya fi kyau mai ƙafar ya je da kansa, da la'asar lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, da safarsa a ƙafa. In ba zai je ba, don na san halin wasu, sa shi ya taka takarda ki zana ƙafar ki yanke, ki tafi da ita ki zura cikin takalmin, ki kuma yi sharaɗi da mai kaya cewa in bai yi ba za a canja.

Ke kuma 'yar'uwa mai tuƙi da kanki, duk abin da na faɗa ya hau kanki. Na mata masu ƙwari ba su cika yawa a kasuwa ba, sai ki duba cikin na samari, lamba 37 zuwa 40 ba ta wuya. Takalmi mai tsini ki sa shi a jaka, in kin isa makaranta ko ofis ki canja. In kuwa goya ki ake yi, aƙalla ki sa sau-ciki mai rufe dunduniya, domin dunduniya ce ke shiga cikin wayoyin taya, musamman ta yara da ake ɗorawa ƙafafunsu na reto. Ki tattare zani da hijabi ki zauna a kansu kada cen ya kama. Salansa galibi tana gefen dama, ki hau ta hagu ki sauka ta hagu. Mata nawa ne cikinmu ke da tabonta a ƙwauri? In ta ƙona ki ko yaro, a zuba ruwa mai sanyi na tsawon minti 20, ban da man goge baki, ban da ɗanyen ƙwai, sa'an nan a nufi asibiti in wurin ya tashi.

But ɗin fata yana son mai, musamman da hunturu lokacin da iska ke tsattsaga shi. A goge ƙura, a shafa man takalmi ko da sau ɗaya a mako. In ruwan sama ya jiƙa shi, a cusa tsohuwar jarida a ciki a bar shi a inuwa ya sha iska. Kada a kai shi bakin murhu, fatar za ta ƙandare, gam ɗin kuma ya saki.