Kwana 14 Na Sarkin Andalus

Malaman tarihi sun ruwaito cewa Halifa Abdurrahman na Uku, wanda ya mulki Andalus, wato ƙasar Sifen ta yau, daga shekarar 912 zuwa 961, ya bar wata takarda da aka tsinta bayan rasuwarsa. A cikinta ya lissafa ranakun da ya yi cikin farin ciki tsantsa, ba tare da ɓacin rai ba. Ga dukiya, ga mayaƙa, ga fadar Madinatuz Zahra'i da ya gina kusa da Ƙurɗuba, amma cikin shekara kusan 50 na sarauta kwana 14 kaɗai ya samu. To, mu da muke ganin ƙarin girma ɗaya a ofis ko cinikin damina ɗaya zai raba mu da damuwa, sai mu yi wa kanmu hisabi.

A wannan birni na Ƙurɗuba aka haifi Imam Ibn Hazmi a 994. Ya yi wazirci, ya sha ɗauri, aka kuma ƙone littattafansa a Ishbiliya. Saboda haka da ya yi magana a kan halin ɗan Adam, ba jita-jita ya ɗauko ba. A littafinsa Al-Akhlaƙu was Siyar ya nuna cewa attajiri da mai neman muƙami da ɗalibi duk abu guda suke nema, shi ne korar damuwa. Sai dai kowace hanyarsu da tata sabuwar damuwar: mai kuɗi na tsoron ɓarawo, mai kujera na tsoron mahassada. Hanyar da ya ga ta tsira daga wannan ita ce aiki don Allah.

Malamin bai ɗauki soyayya abin kunya ba, domin ya yi mata littafi mai babi 30, Ɗauƙul Hamama. Cikin alamominta da ya lura da su akwai marowaci ya koma mai kyauta, matsoraci ya yi jarunta, ƙazami ya fara tsafta. Ashe abin da wa'azin shekara ya kasa, kallo ɗaya ya kan yi shi. Amma ya rufe littafin da falalar kamewa, domin so in ya rasa linzami, mai shi yake fara kayarwa.

Allah Ya ba mu wadatar zuci, amin.