Futura karkatacce: siffarsa da amfaninsa a littattafan karatu

1. Asali

Paul Renner ne ya zana haruffan Futura, kamfanin Bauer na birnin Frankfurt a ƙasar Jamus ya fitar da su a 1927. Samfurinsu karkatacce ya biyo baya a 1930. Ba su da ƴan ƙafafun nan da ake gani a bakin layukan tsofaffin haruffan ɗab'i, kuma an gina su bisa da'ira da alwatika da miƙaƙƙen layi. Da Futura aka rubuta allon da ƴan sama jannatin Apollo 11 suka bari a kan wata a 1969.

2. Siffa

Wajibi ne a bambanta iri biyu na karkatar harafi. Na farko shi ne italik na asali, wanda Aldus Manutius ya fara buga littafi da shi a Italiya a 1501: daga rubutun hannu aka ɗauko shi, don haka surar harafin kanta takan sauya. Na biyu kuwa harafi ne miƙaƙƙe da aka jingina zuwa dama, surarsa tana nan yadda take. Futura karkatacce na cikin iri na biyu.

Kaurin layinsa kusan ɗaya ne ko'ina. Ƙaramin a da'ira ce da ɗan sanda a gefe. Harafin t gicciye ne marar wutsiya, j kuwa sanda ne da ɗigo. Haruffan b, d, p da q duk da'ira ɗaya ce da sanda, wurin sandan kaɗai ya raba su.

3. Amfani

Wannan daidaito shi ne kyawunsa a kanun labari, da bangon littafi, da allunan talla. A littafin mai koyo kuwa cikas ne, domin bambanci tsakanin haruffa ido ke nema, ba kamanni ba. Wanda ya fara karatu da girma yana iya ɗaukar a a matsayin o, ko ya kasa raba i da j. Ga kuma matsalar ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, waɗanda Renner bai zana ba. Ƙugiya ce kaɗai ta raba dari da ɗari, ko kafa da ƙafa. In aka liƙa ta ba da lura ba, aka kuma jingina harafin, sai ta matse ta ɓace a ƙaramin bugu.

4. Shawara

Muna ganin ya dace a keɓe Futura karkatacce ga kanu da gajerun jimloli a babban bugu. Jikin darasi kuwa a buga shi da miƙaƙƙen harafi irin Andika, wanda ƙungiyar SIL ta zana musamman domin masu koyon karatu, da ƙugiyoyinsa cikakku. Kafin a zaɓi kowane harafi, a gwada shi da irin waɗannan tagwayen kalmomi a gaban ƴan ajin yaƙi da jahilci.