Sauyin Yanayi da Makomar Wasanni a Ƙasar Malumfashi

Tun zamanin da, wasannin ƙasar Malumfashi da Funtua suna tafiya ne tare da lokutan noma. Sai kaka ta yi, an kai dawa rumbu, an tsince auduga, sannan makaɗa ke kiran 'yan dambe da 'yan kokawa zuwa fage. Galibi kuma da la'asar ko da dare ake karawa, sa'ad da iskar hunturu ta sanyaya gari. Wannan tsari ya dace da yadda jikin ɗan Adam yake aiki, kuma sauyin yanayi ya sa ana bukatarsa yau fiye da da.

Yadda Jiki ke Fama da Zafi

Zafin jikin mutum mai lafiya yana tsayawa ne kusa da digiri 37 a ma'aunin Salshiyos. Idan ɗan wasa yana gudu, kimanin kashi uku cikin huɗu na ƙarfin da tsokarsa ke ƙonawa yana komawa zafi. Jiki yana fitar da wannan zafi ta hanyar gumi, amma gumi ba ya sanyaya fata sai ya bushe. A hunturu iska busasshiya ce, don haka gumi kan bushe nan da nan. A ƙarshen bazara kuwa, iskar da ke tasowa daga Tekun Atilantika tana zuwa da laima, sai gumi ya yi ta tsiyaya ba tare da ya bushe ba. Ɗan ƙwallo na iya zubar da lita ɗaya zuwa biyu na ruwa cikin awa guda. Idan zafin jikinsa ya haura digiri 40, ƙwaƙwalwa da ƙoda kan shiga haɗari, har ta kai ga rasa rai.

Abin da Ya Sauya

Iskar kabon da ke fita daga ƙona man fetur da kwal tana tare zafi a sararin sama. A sakamakon haka, shekarar 2024 ta fi duk shekarun da aka auna a gabanta zafi. A watan Afrilu na wannan shekara, garin Kayes na ƙasar Mali ya ga zafin digiri 48.5, arewacin Nijeriya ma ya ɗanɗana kuɗarsa.

Manyan gasanni sun riga sun ji a jika. A tseren dogon zango na mata da aka yi a Doha a 2019, 'yan tsere 28 daga cikin 68 sun kasa kai ƙarshe, duk da cewa da tsakar dare aka tashi. Gasar cin kofin duniya ta 2022 a Ƙatar kuma, sai da aka mayar da ita watannin Nuwamba da Disamba.

Filayen wasa su ma abin ya shafe su. Duk ƙarin digiri ɗaya na zafi yana ba iska damar ɗaukar ƙarin tururin ruwa kimanin kashi 7 cikin ɗari, shi ya sa ruwan sama kan sauko da ƙarfi lokaci guda. Filin makarantar da ba shi da ciyawa, damina takan zaizaye shi, rani kuma ya ƙeƙasar da shi kamar daɓe.

Abin da Ya Kamata Makarantu Su Yi

Malamin da ya jera ɗalibai don tsere da tsakar rana a watan Maris ko Afrilu yana kasada da rayukansu. Ya fi dacewa a shirya gasar wasanni tsakanin Nuwamba da Janairu, atisaye kuma ya kasance da sassafe ko bayan la'asar. A tanadi randar ruwa a bakin fili, a riƙa tsayawa ana sha tun kafin ƙishi ya yi tsanani. A dasa bedi kewaye da filin domin inuwa da riƙe ƙasa. Ɗalibin da ya fara jiri ko sambatu, a kai shi inuwa, a sassauta tufafinsa, a kwarara masa ruwan sanyi ana yi masa fifita, sannan a garzaya da shi asibiti.

Magabata sun zaɓar wa dambe lokacin sanyi. Ya rage ga makarantu su yi wa ƙwallo da tsere irin wannan zaɓi.